Haƙorin da Ya Ƙi Fari

Yayana mai fenti ne. Tun ina 'yar firamare nake ganinsa da ɗigon fenti a gira da bayan kunne, yanzu kuwa da furfura ta cinye masa kai, in ka ga fari a gashinsa sai ka matso kusa kafin ka san na Allah ne ko na gwangwani. A unguwarmu ba mai kiransa da sunansa. Shafa-Biyu ake ce masa, domin duk wanda ya ba shi aiki, ko da ɗakin ajiye tarkace ne, sai ya ji maganar nan: "Shafa ɗaya ha'inci ne, ni biyu nake yi." Manya su ce Shafa-Biyu, yara su ce Baba Shafa-Biyu. Ni Yaya nake ce masa, sai fa ranar da ya ɓata mini rai.

Mutum ne da ba ya iya shiga ɗakinka ya zauna lafiya. Yana gaishe ka, idonsa na kan bango. Kafin ka kawo masa ruwa ya riga ya miƙe yana shafa kusurwa da tafin hannu, yana tsaki, yana tambayar wanda ya yi maka wannan aika-aika. Shi a wurinsa fari ba ɗaya ba ne. Akwai mai ratsin shuɗi, akwai ruwan madara, akwai wanda ya ce "farin asibiti ne, ba ya barin mutum ya yi barci." Ni da nake sayar da yadi a kasuwa ina ganin na san kala, amma in muka fara musu da Yaya sai in ja bakina in yi shiru.

Yana da ƙa'idojin aiki da ko wuƙa za a sa masa a wuya ba zai karya su ba. Kafin ya taɓa bango sai ya gwada fentin a wani lungu da ba mai gani, bayan ƙofa ko ƙarƙashin taga. Sannan shafa biyun nan tasa. Sannan in ya gama, ba ya waiwayar bangon yana ɗanye. Sai ya ja ƙofa ya kulle, ya jefa mabuɗi a aljihu, ya ce ɗanyen fenti maƙaryaci ne, wanda ya tsaya kallonsa zai ɓata aikinsa da hannunsa. Da waɗannan ya ciyar da gida ya yi wa 'ya'yansa karatu, don haka ba na raina su.

Abokin aikinsa na kullum filas ne na shayi, baƙi ƙirin, ba madara. A kan tsani yake shansa, daga safe har la'asar. Shayin nan shi ya gama da haƙoran Yaya. Kuma abin takaici ne, don a samartakarsa in ya yi dariya, 'yan matan layinmu har tuntuɓe suke yi. A hankali farin ya koma ruwan ƙwai, ruwan ƙwai ya koma ruwan ƙasa. Da ya lura, sai ya tara gashin baki ya sauko da shi ya rufe leɓe, ya koyi dariya da hannu a baki kamar mai jin kunyar suruki.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta san an yi wannan canji ba, ita ce matarsa. Ni "matarmu" nake ce mata, don mu ƙannen miji mun fi shi iko da ita. Shi kuwa Gimbiya yake ce mata tun suna saurayi da budurwa. Tela ce, mai hannu, sai yanar ido ta fara rufe mata gani, kaɗan-kaɗan, har ta kai ba ta ganin komai sai haske da duhu da gilmawar mutum. Shekara kusan goma ke nan. Likitoci sun ce aiki ne ba mai wahala ba, ta ce ba wanda zai kai wuƙa idonta tana raye. Muka yi lallashi, muka yi faɗa, muka haƙura. Ta haddace gidanta da tafin hannu, tana girki, tana wanki, harshenta kuwa ko kaɗan bai dushe ba. In na shigo, tun daga ƙofa take cewa, "Ga sarkin surutu nan, a ɓoye tukunya."

Kwatsam wata safiya ta ce ta yarda. Muka ce me ya faru? Ta ce, "Na gaji da tambayar mutane kalar zanen da ke jikina."

Aka je asibitin ido, aka yi gwaje-gwaje, aka sa rana. Wayyo, ku zo ku ga Yaya! Mutumin nan kamar an mayar da shi ɗan shekara ashirin. Ya ajiye duk aikin da ke gabansa, ya kwaso gwangwanaye ya tasar wa gidansa. Falo, ɗakin kwana, kicin, banɗaki, ƙofar waje, har kejin kaji bai tsira ba. Yana aiki yana waƙa, muryar nan tasa mai kama da ta tsohon injin niƙa. Duk wanda ya wuce sai ya tare shi: "Ka ji za a buɗe wa Gimbiya ido?" Mai rake ya ji, mai gyaran famfo ya ji, har wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya bai tafi ba sai da ya ji.

Ina gidan ranar da ya gama falo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ta labarin kalar da ya zaɓa, yadda ya haɗa ta da kansa, yadda hasken taga zai faɗa a kanta da safe. Matarmu tana zaune tana tsinke ganye a faranti, ta yi murmushi ta ce, "Maigida, ka daina wahalar da kanka. Ni in aka buɗe idon nan, ba bango zan fara dubawa ba. Bakinka zan duba. Dariyar nan taka da ta raba ni da gidanmu, ita nake marmari."

Na kalli Yaya. Rolar shafa bango na hannunsa, fenti na ɗiga a kan takalminsa, bai ko sani ba.

Washegari da hantsi sai ga shi a shagona. Ya jira mai sayen yadi ta fita, ya leƙa hagu da dama, ya ɗage gashin baki da yatsu biyu.

"Ƙanwata, don Allah faɗa mini gaskiya. Ya kika gani?"

"Gaskiya kake so ko zumunci?"

"Gaskiya."

"Yaya, in bango ne, da ka ce a kankare shi a sake."

Ya zauna a kan bandir ɗin yadi ya dafe kai. Na ji tausayinsa, wallahi, don ban taɓa ganin abin ya dame shi haka ba. Shekara da shekaru matar nan tana riƙe da hotonsa a zuci, shi kuma ya bar ta da shi, ga shi yanzu saura 'yan makonni ta ga abin da shayi ya bari. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai yanzu ana wanke haƙora su yi fari, wata mai sayen kaya a wurina ta yi, sai ka rantse sababbi ta saya. Kafin in rufe baki ya miƙe tsaye.

"A ina? Rufe shagon mu tafi!"

A bakin babban titi akwai wani bene mai hawa ɗaya. Ƙasa kemis ne, sama kuma wurin likitar haƙori. Muka hau. Ɗakin jira fes, ga kujerun roba a jere, ga ƙamshin magani. Yaya bai zauna ba, yana can yana duba inda aka haɗa bango da silin, har ya ce wanda ya yi aikin ba laifi. Likitar ta fito, mace ce mai natsuwa, da farin gilashi. Na yi mata bayani, har da zancen idon matarmu, don ni ba na iya ba da rabin labari.

Ta yi murmushi ta ce, "Abu ne mai yiwuwa, Baba. Amma sai na fara dubawa. In ga lafiyar dasashi, in ga ko akwai rami ko wani tsohon aiki a bakin, in wanke dattin da ya daskare. In komai lafiya, sai mu sa ranar da za a yi farin. Bismillah, shigo ka hau kujera."

Daidai nan sai injin nan na gyaran haƙori mai ƙara ya tashi a ɗaki na gaba, ziiiii. Na juya wajen Yaya. Mutumin da ke tsayawa a kan katako ɗaya a hawa na huɗu yana shan shayi, sai ga zufa tana keto masa. Ya ce, "Likita, na bar gwangwani a buɗe a gida. Zan dawo." Kafin in ce wani abu ya kai tsakiyar matakala.

A ƙasa na cim masa, a cikin kemis, riƙe da wani kwali mai hoton mace tana dariya. A ciki akwai 'yan ledoji sirara masu magani, waɗanda ake mannawa a kan haƙora. Idon Yaya har ƙyalli yake yi.

"Kin gani? Ba kujera, ba inji, ba mai leƙa mini baki. Da hannuna zan yi."

"Yaya, matar nan ta ce sai an duba."

"Me za a duba? Ni da na yi shekara arba'in ina mayar da baƙin bango fari?"

Mai kemis ɗin ma, don Allah, bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Baba, sau ɗaya ake sawa a rana, rabin awa, a cire. Kuma da ka bari ta sama ta duba ka tukuna, ya fi." Yaya ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama shawara. Na bi shi har titi ina masifa, na kira shi Shafa-Biyu a gaban mutane, ko a jikinsa.

Sai dai Yaya ba ya aikin gaggawa. Ya bi ƙa'idarsa ta farko, ya ce sai ya gwada a lungu. Ya sa almakashi ya yanki 'yar ƙaramar leda, ya manna a haƙoran ƙasa na can gefe, inda ba mai gani. Bayan 'yan kwanaki ya faɗo shagona kamar an koro shi, ya ja leɓensa na ƙasa da yatsa.

"Duba! Duba nan!"

Na duba. Wallahi sun yi haske. Ba ƙarya, kusa da na gefensu sai ka ce ba baki ɗaya suke ba. Ni da na zo da niyyar gwasale shi, sai ga ni ina tafa hannu. Maƙwabciyata mai sayar da takalma ta leƙo ta ga ko gobara ce. Yaya ya ce, "Likita dai ta yi haƙuri, mun kama hanya." Ranar har ya saya wa matarmu yadi mai furanni, ya ce tunda kala take son gani, to, ta fara da wannan.

Daga nan ya shiga aiki gadan-gadan, sama da ƙasa. Kwali ya ce sau ɗaya, Yaya ya ce wanda ya rubuta bai taɓa riƙe burushi ba. Safe da yamma yake mannawa. Kwali ya ce rabin awa, Yaya ya ce ina aka taɓa jin abu ya kama a rabin awa, sai ya bar shi har ya gama shafe bango guda. Ya ajiye filas ɗinsa, abin da rasuwar mahaifinmu ma ba ta sa ya yi ba. Madubin banɗaki kuwa, da ma ya rufe shi da tsohuwar jarida lokacin da yake fenti, sai ya bar shi a rufe. Ya ce ba zai duba ba sai aiki ya bushe. Ni ma ya hana ni gani. In muna magana sai ya sunkuyar da kai, gashin baki ya yi masa labule.

Matarmu ba ta gani, amma kunnenta ba ya barci. Wata yamma ina gidan ta ce, "Maigida, me ke bakinka ne kwanan nan? Kana magana kamar mai tsotsar alewa."

"Magani ne na dasashi."

"Ikon Allah. Shi ya sa jiya ka sha ruwan sanyi ka yi ihu kamar an taka wutsiyar kare?"

Ya yi ihun kuwa, ni ma na ji da kunnena. Haƙoran sun fara yi masa zugi, iska ma in ta shiga sai ya runtse ido. Na ja shi gefe na ce ya dakata haka nan. Ya ce zafi alama ce magani na ratsawa.

Saura 'yan kwanaki a yi aikin ido, ya aiko a kira ni. Matarmu ta shiga maƙwabta. Na same shi a tsakar gida ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya rage gashin bakin nan har leɓe ya fito. Ya tsayar da ni inda rana ke faɗowa sosai, ya ja da baya, ya gyara tsayuwa.

"Ke za ki fara gani. Ni ma ban duba ba. Kin shirya?"

"Buɗe mana, ka sa gabana sai faɗuwa yake."

Ya buɗe.

Jama'a, haƙoran Yaya sun yi fari. Sun yi fari tas, sama da ƙasa, irin na samartakarsa. Amma a tsakiyarsu, a sama, a gaba, daidai inda ido ke fara sauka, ga guda ɗaya nan zaune daram, ruwan shayi, ko gezau bai yi ba. Da can da duk suke kala ɗaya ba mai lura da shi. Yanzu kuwa da 'yan uwansa suka yi fari, shi kaɗai ake gani, sai ka ce an dasa ƙwayar masara a cikin shinkafa.

Na so in daure. Allah ya sani na so. Na cije leɓe, na kalli ƙasa, sai dariyar ta ɓalle ta hanci. Na durƙusa na riƙe ciki, hawaye na zuba. Yaya ya ruga banɗaki, na ji ƙarar yage jarida, daga nan sai shiru. Shirun ne ya tsayar da ni.

Sai a lokacin na tuna. Shekarun baya, bayan idon matarmu ya rufe, tsani ya taɓa zamewa da shi, ya bugi baki, haƙorin gaba ya karye. Wani tsohon likita ya sa masa na tangaran. Yaya da kansa ya zaɓi kalar. Ya karɓi jerin samfurin daga hannun likitan, ya fita da shi waje cikin rana da ɗan madubi, ya yi ta gwadawa har ya sami wanda ya yi daidai da sauran haƙoransa na lokacin, masu ruwan shayi. Ya dace ƙwarai, har muka manta da shi gaba ɗaya. Shi kansa mai bakin ya manta. Gwajin da ya yi kuwa, a lungu ya yi shi, nesa da inda matsalar take.

Ya fito daga banɗaki kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce, "A ƙara masa shafa ɗaya, shi kaɗai?"

Na ce, "Ɗauko hularka, mu koma wurin likita."

Wannan karon bai ji ƙarar inji ba, ko ya ji bai kula ba. Da kansa ya haye kujerar ya wangale baki. Likitar ta haska fitila ta duba a natse. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda haka.

"Baba, sau nawa kake sawa a rana?"

Na riga shi: "Biyu. Sunansa ke nan."

Ta ce, "To, daga yau a daina. Dasashinka ya ƙone, ga shi ya yi ja ya kumbura, shi ya sa kake jin zugi. Wannan na gaban kuma, ko shekara za ka yi kana manna masa magani ba zai canza ba. Haƙorin Allah yana shan magani. Wannan tangaran ne, ba ya sha."

Yaya ya ɗago kai daga kujera. "Kamar tayil?"

"Kamar tayil."

Ya koma ya kwanta, ya rufe ido. "Tayil na yi ta shafa wa fenti. Ni."

Ta ce ana iya cire shi a sa wani mai kalar sauran, amma ba yanzu ba. Sai dasashin ya warke, sai kuma farin ya zauna, don yakan ɗan sauka bayan an daina magani, in aka yi gaggawa za a sake samun bambanci. Wannan zance kam Yaya ya gane shi sarai, har ya gyaɗa kai. Ya tambayi tsawon lokacin, ta ce makonni. Ya ce aikin idon jibi-jibin nan ne. Ta ce ta sani, ta kuma yi masa murna, amma ba za ta taɓa naman da ke ciwo ba.

"To, likita, ba wani ɗan abin da za ki shafa masa a sama? Ko na kwana ɗaya?"

"Babu, Baba. Da ka hau kujerar nan ran farko, da na gan shi, da mun tsara abin tare."

"Ƙanwata ta faɗa," in ji shi. Na daɗe ina jiran ranar da Yaya zai furta wannan magana, amma da ta zo ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

A hanya ya ce ya samo dabara: zai koma shan shayi ba ƙaƙƙautawa, sauran su koma yadda suke, aƙalla baki ya zama kala ɗaya. Muna isa gida ya dafa shi baƙi ƙirin. Kurɓa ɗaya ya yi, zugi ya tashi, ya dire kofin yana salati. Matarmu daga ɗaki ta ce, "Yau kuma na zafi ne ya cije ka?"

Ranar aikin muka kai ta tun da safe. Ba a daɗe ba aka fito da ita, ido ɗaya rufe da auduga da filasta, aka ce ɗayan sai nan gaba, wannan kuma gobe za a buɗe. Tana ta zuba surutu, wai ashe abin ba komai, wai mu ne muka tsorata ta duk shekarun nan. Washegari muka koma. A ƙofar asibitin na ga Yaya ya zaro takunkumin fuska daga aljihu ya ɗaura.

"Wannan fa?"

"Asibiti ne. Doka ce."

"Dokar wa? Ga mai gadi can bai sa ba."

Ya gyara takunkumin. Ya wuce ciki, rabi murna, rabi tsoro.

Aka zaunar da ita a kujera kusa da taga, aka rage labule. Nas ta ɓare filastar a hankali, ta ɗauke audugar, ta goge idon. Ta ce, "Mama, buɗe sannu-sannu." Matarmu ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ruwa ya gangaro. Ta kalli taga. Ta kalli rigar nas. Ta sunkuya ta kalli yadin nan mai furanni da ke jikinta, ta ce, "La ilaha illallahu, ja ne!" Sannan ta juyo kaina, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ce kika yi ƙiba haka? Ana ta ce mini ba kya cin abinci!"

Na fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya, na rungume ta, nas tana cewa a yi hankali da idon. Ta ture ni gefe tana waige-waige. Yaya yana can maƙale a kusurwa, ido kawai ake gani.

"Wane ne wancan mai takunkumi? Maigida, kai ne? Matso mana."

Ya matso, ya durƙusa a gabanta. Ya ce mura yake yi.

"Murar ƙaniyarka. Cire in gani."

Ta miƙa hannu za ta janye takunkumin da kanta. Hannun bai kai ba. Ya tsaya a tsakaninsu, cikin hasken taga, ita kuma ta tsaya tana kallonsa. Ta juya shi ciki, ta juya shi baya. Fata ta tattare, jijiyoyi sun fito. Ta ɗago ɗayan ta haɗa su.

"Ba ni madubi," ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa.

Na yi kamar ban ji ba. Ta maimaita. Na buɗe jaka na ba ta ɗan madubin hodata.

Ta daɗe tana kallo. Ta tura ɗankwali baya kaɗan, furfura ta bayyana. Ta taɓa gefen ido, ta taɓa wuya, ta shafa kumatun da suka zube. Duk murnar nan ta ɗazu ta bi iska. Mu duka, da muke ta shirin abin da za ta gani, ba wanda ya tuna cewa matar nan rabonta da fuskarta shekara goma.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai, mutumin nan. Kullum sai na tambaye ka. Kullum sai ka ce ina nan yadda nake."

"Ai kina nan, Gimbiya."

"Maƙaryaci." Leɓenta ya fara rawa. "Tsohuwa ka yi ta zama da ita, ka rasa bakin faɗa mini."

Nas ta ce, "Mama, don Allah ban da kuka, ba a son idon ya wahala." Ina! Kafaɗunta sun riga sun fara girgiza. Na rasa abin yi, na kalli Yaya.

Sai na ga ya kai hannu bayan kunne ya cire takunkumin, ya jefar a ƙasa. Ya karɓe madubin daga hannunta ya miƙo mini. Ya gyara durƙuso, ya juya fuskarsa sosai wajen hasken taga don kada komai ya ɓuya.

"Gimbiya, bar wannan. Duba nan ki ga aikin da mijinki ya yi."

Ya wangale baki har kunne.

Ta duba da idonta ɗaya mai ruwa. Ta matso. Ta ƙara matsowa. Ta kai yatsa ta ƙwanƙwasa na tsakiyar, kamar mai gwada kankana.

"Maigida... wannan ɗin fenti ne ya ƙare?"

"Tayil ne," in ji shi, baki a buɗe.

Ban san ko ta gane ba, amma dariyar da ta kece da ita har ɗakin jira an ji. Ta riƙe kafaɗarsa tana yi, ta ɗago ta sake dubawa, ta sake kifewa. Nas ta rikice, tana cewa, "Mama, dariyar ma ba a so da ƙarfi! Baba, don Allah rufe bakin!" Yaya bai rufe ba. Iskar fanka na shiga haƙoran nan masu zugi, ina ganin hawaye na taruwa a idonsa, amma muddin tana kallo, yana nan durƙushe a gabanta da bakinsa a buɗe.

Ni dai na fita baranda na nemi benci na zauna, na yi kukana son raina.